Saƙa da Warwara: Fargaba da Yawan Tunani a Wurin Mata Masu Fasaha

A kowace ƙungiya tamu, daga Bagalam zuwa Zariya da Ali Ɗan Sofo, daga Tibiri zuwa Jiratawa, akwai matar da ake cewa hannunta na da kyau. Ita ce mai ɗinkin da za ta kalli atamfa a ninke ta ga rigar tun almakashi bai taɓa ta ba. Ita ce mai kitso ko mai ƙunshi da ke fito da zanen da babu wanda ya koya mata, da mai haɗa turaren wuta da humra, da wadda ake nema ta tsara mana waƙa ko wasan faɗakarwa in bikin ranar mata ta 13 ga Mayu ya matso. Muna yaba su, muna kai musu aiki, kuma sau da yawa su ne ke fara biyan bashin akwati.

Abin da ba mu cika faɗa a taro ba shi ne, da yawa daga cikinsu ba su samun barci. In kin zauna da su a gefe, bayan an rufe akwati, sai ki ji maganganu iri ɗaya: "Ni dai gabana ke faɗuwa, ban san mi ya same ni ba." "Da na kwanta, kaina ya ɗauki tafiya." "Tunani ya yi mini yawa." Wannan karon a kan wannan za mu tsaya, don yana cin lafiyar ƴan uwanmu, yana kuma cin jarinsu.

Idon da ke ganin riga shi ke ganin ɓarna

Mai fasaha tana da ido na zuci da ke ganin abin da bai riga ya kasance ba. Da shi take ci. Matsalar ita ce idon nan bai san an tashi daga aiki ba. Da rana yana nuna mata wuyan riga da faɗin hannu. Da dare, in gida ya yi tsit, sai ya ci gaba da nuna mata hotuna, amma na masifa.

A ce an kawo mata shadda ta jikka talatin, ta amarya, saura kwana goma biki. Ta kwanta. Sai ta ga almakashi ya kauce. Ta ga uwar amarya a tsakar gidanta tana faɗa, maƙwabta sun leƙo ta kan katanga. Ta ga labarin ya kai gidan suna, masu kawo ɗinki sun janye. Ta ga ranar zubi ta zo hannunta babu ko dala, an kira sunanta a gaban mata talatin. Ta ga an fita da akuyarta kasuwa. Kafin kiran assalatu ta gama talaucewa a cikin kanta, alhali shaddar na nan a ninke cikin leda, ko alli ba a sa mata ba.

Jiki kuwa bai iya rarrabe hoton zuci da abin da ke gaban ido. In ƙwaƙwalwa ta ga haɗari, ko na gaske ne ko na saƙe-saƙe, sai ta sa a saki sinadaran shirin gudu cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya yi gumi, ciki ya murɗa, wuya da kafaɗu su sandare. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mai saƙar zuci ita ko tsumman ba ta buƙata, da kanta take zana macijin, da launinsa da tsawonsa, don zane sana'arta ce. Shi ya sa in ta ce tana jin ciwo, ba ƙarya take ba, ba kuma shagwaɓa ba ce. Ciwon na nan a jikinta da gaske.

Abin da masana suka gano

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani, duk da cewa tana da magani. Don haka wadda ke fama da ita ta sani ba ita kaɗai ba ce, kuma abin da ke damunta likitoci sun san shi da sunansa.

To, gaskiya ne masu fasaha sun fi sauran mutane kamuwa? A ƙasar Suwidin, masu bincike na cibiyar Karolinska, ƙarƙashin Simon Kyaga, sun duba bayanan majinyata wajen miliyan 1.2 da danginsu, suka fitar da sakamako a 2012. Sun ga cewa masu sana'o'in ƙirƙira, in an haɗa su gaba ɗaya, ba su fi kowa kamuwa da cututtukan ƙwaƙwalwa ba, sai dai cuta ɗaya, wadda ke sa mutum ya yi ta hawa da sauka tsakanin zumuɗi mai tsanani da baƙin ciki mai tsanani. Marubuta ne suka fita daban: a wurinsu an fi samun fargaba da ciwon baƙin ciki. A 2015 kuma wani masani a Landan, Adam Perkins, da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ƙago tunani ba tare da wani abu ya faru a waje ba, shi ne ke ciyar da yawan damuwa, kuma mai yiwuwa shi ne ke taimakon ƙirƙira. Ra'ayi ne da masana ke ta muhawara a kansa.

Mu abin da za mu ɗauka a nan biyu ne. Fasaha ba ciwo ba ce, kada wani ya ce wa ɗiyarki ta bar zane ko rubutu don kada kanta ya juye. Kuma fargaba ba ita ke gyara aiki ba. Wasu na tsoron in sun sami sauƙi baiwarsu za ta tafi. Ku tambayi duk mai ɗinki: ranar da ta yi barci ta ƙoshi, ranar ce layinta ke miƙewa.

Damuwa mai tushe da damuwa marar tushe

Kada mu yaudari kanmu, mu nan Maraɗi abin tsoro na gaske bai yi mana ƙaranci ba. Kakanninmu sun ba mu labarin ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka tashi tsohon gari aka hau tudu, mu kuma da idonmu muka ga ruwan daminar 2024 da ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin birni da ƙauyuka. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan 26 ga Yulin 2023 har farkon 2024, kuma kowace mai saye da sayarwa ta ji a jikinta: zare da yadi da kayan turare sun yi tsada, masu saye sun ragu. Ƴan uwanmu na yankin Madarunfa da Gidan Runji na kwana da tsoron ɓarayin daji. Wadda ta kwana cikin ɗakin da bango ya faɗi, in ta ji hadari ya taso gabanta ya faɗi, ba a ce mata tana ƙirƙira ba.

Bambancin yana wurin abin da damuwar ke sa ki yi. Damuwa mai amfani tana ƙarewa da aiki: kin ga damina ta matso, kin gyara indararo, kin ɗaga buhun gero daga ƙasa, kin kwanta. Saƙa da warwara ba ta ƙarewa da komai. Ki saƙa, ki warware, ki sake ɗaukar zaren nan, har gari ya waye babu ko taƙi ɗaya na zane. Tambayar da za ki yi wa kowane tunani ita ce: akwai abin da zan iya yi a kansa yau ko gobe? In akwai, ki sa masa rana da lokaci. In babu, ki san hoto ne kawai kanki ya haska miki.

A wata jami'a ta jihar Pensilbaniya a Amurka an sa mutum 29 masu cutar fargaba su riƙa rubuta duk abin da suke tsoro har kwana 10, aka bi sawun abubuwan har wata guda. Fiye da kashi 91 cikin 100 na abin da suka ji tsoro bai faru ba. Mutanen ba su da yawa, amma gwaji ne da kowace cikinmu za ta iya yi da littafin lakwal, ko ta faɗa wa ɗiyarta ta rubuta mata.

Yadda take cin jari

Mun saba lissafa abin da ke karya sana'a: tsadar kaya, bashin da ba a biya ba, rashin lafiyar yaro, biki a kan biki. Ba mu lissafa fargaba, alhali tana ci a ɓoye.

Ita ce ke sa ƙwararriya ta ƙi ɗaukar bashin da zai saya mata keke na biyu, shekara uku tana cewa sai baɗi. Ita ce ke sa ta karya kuɗin aikinta tun mai kaya ba ta nemi ragi ba, don kada a ce ta cika tsada. Ita ce ke sa ta farke ɗinkin da babu aibi a cikinsa, aikin kwana biyu ya koma na kwana biyar. Wata kuma ta kasa cewa a'a, ta karɓi ɗinkin sallah na gida ashirin, ta yi ta kwana a kan keke tana cin goro tana shan shayi, ga wuta ana ɗaukewa, har jiki ya faɗi saura kwana uku sallah.

Mafi muni ita ce wadda zubi ɗaya ya kuɓuce mata. Maimakon ta zo ta faɗa, sai kanta ya haska mata taron tun kafin a yi shi: wance za ta taɓe baki, wance za ta kai labari gidan mijinta. Sai ta ƙi zuwa. Sati na biyu tara ta hau, kunya ta ninka. Ta kashe salula. Bashin jikka biyar da za a iya warwarewa da magana ɗaya ya koma rabuwa da ƙungiya. Mu kuma a taro sai mu ce ta ci amana, ba mu san kwana nawa ta yi ba ta runtsa ba.

Akwai kuma kuɗin da ke tafiya wajen neman sauƙi a ɓoye. Don tsoron kada a ce tana da taɓin hankali, maganar ta bi ɗiyanta mata ranar da aka zo neman aure, sai mace ta yi ta yawo daga mai magani zuwa mai magani, ko ta sayi ƙwayar barci da tramol a hannun masu talla. Ƙwayoyin nan suna kwantar da jiki na ɗan lokaci, sannan su kama mutum, in ya bari fargabar ta dawo fiye da da.

Bencin kakanni na Zimbabuwe

Mutanen Shona na Zimbabuwe suna da kalma ɗaya, kufungisisa, ma'anarta dai abin da muke faɗa: tunani ya yi yawa. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa na birnin Harare, Dixon Chibanda, ya ga likitoci irinsa ba za su taɓa isar jama'a ba. Sai ya koya wa tsofaffin mata 14 na unguwar Mbare yadda ake sauraro, aka ajiye musu benci a harabar asibiti. Mai damuwa ta zo ta zauna da kaka, ta zayyana abin da ke cinta. Kaka ba ta yi mata wa'azi, ba ta yanke mata hukunci. Tare za su jera matsalolin, mai damuwar ta zaɓi guda ɗaya, su nemi matakin da za ta iya ɗauka kafin zama na gaba. Zama shida ake yi.

An gwada tsarin a kan mutum 573, aka buga sakamakon a 2016. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna benci wajen kashi 12 cikin 100 ne suka rage da alamun fargaba, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen kashi 48. Bayan zaman benci matan kan haɗu a da'ira suna saƙa jakunkuna suna sayarwa, suna hira.

In kun lura, rabin wannan muna da shi tuni. Tsarin Mata Masu Dubara nan jihar Maraɗi ya fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Muna da tabarma, muna da ranar haɗuwa duk sati, muna da dattijan da ake jin maganarsu. Tun zamanin da ma, Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri su ke riƙe da al'amuran mata, mace ta san inda za ta kai kukanta. Abin da ya rage mana shi ne mu koyi sauraro kamar yadda muka koyi lissafin akwati.

Abin da za ki iya yi wa kanki

Ki ba damuwa lokacinta. Ki ware minti 15 kowace rana, a ce bayan la'asar, ki zauna ki yi tunanin duk abin da ke damunki, ki rubuta ko ki faɗa wa wadda kika yarda da ita. In tunanin ya zo da dare, ki ce masa: ba yanzu ba, sai la'asar. Da farko zai ƙi ji, yau da gobe zai saba. Dabara ce da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna koyarwa.

In gaba ya faɗi, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ta baki ya fi na shiga tsawo, kamar mai hura kunu. Ki yi sau goma. Fitar numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Addu'a da zikirin kwanciya, in an yi su a natse, suna tafiya tare da wannan.

Ki rage goro da shayi da kofi daga azahar zuwa dare, don suna ƙara bugun zuciya suna kore barci. Ki daina kallon hotunan kashe-kashe da haɗarin mota da ake turowa a WhatsApp, musamman in za ki kwanta. Mai idon zuci ba ta kallon hoto sau ɗaya, kanta zai yi ta maimaita mata shi, ya sa fuskar ɗanta a ciki.

Ki ba idon nan aikin yi. In ya nuna miki ɓarna, ki tilasta masa ya ƙarasa labarin: to, a ce shaddar ta ɓaci, sai mi? Wa zan kira, nawa zan biya, cikin wata nawa? Sau da yawa in an bi masifar har ƙarshe da lissafi, sai a tarar ta fi ƙanƙanta a kan yadda ta bayyana cikin duhu. Ki kuma ajiye takarda kusa da shimfiɗa, don wani lokaci cikin wannan tafiyar ta dare sabon zane ke zuwa.

A sana'a, ki yanke wa kanki adadin aikin da za ki karɓa kafin sallah, ki faɗe shi tun da wuri. Ki karɓi kafin alƙalami, ki gwada yanka a kan takarda ko tsohon yadi in kayan masu tsada ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana toshe ƙofa ɗaya da tunani ke shigowa ta cikinta.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Muna ba shugabanni shawarar su kawo waɗannan a taro a tattauna:

Bayan an rufe akwati, a ware minti goma na "ƙaƙa zuciya?" Ba dole ba ne kowa ta yi magana. Abin da aka faɗa a kan tabarma ya tsaya a kan tabarma, kuma a sa tara ga wadda ta fitar da shi, kamar yadda ake sa wa mai makara.

A zaɓi dattijai biyu masu riƙon sirri, waɗanda mace za ta iya samu ita kaɗai. Aikinsu su saurara, su taimaka ta zaɓi matsala ɗaya da mataki ɗaya. "Ki yi haƙuri" da "ki bar tunani" ba su isa ba, da tana iya bari da ta bari.

In mace ta yi fashin taro sau biyu a jere, a aika mutum biyu su gaishe ta tun ba a fara maganar tara ba. A rubuta cikin dokar ƙungiya cewa wadda ta zo da kanta ta faɗi matsalarta kafin ranar biya, za a iya sake tsara mata biyan. In kowa ta san ƙofar nan a buɗe take, ɓuya zai ragu, kuɗin akwati ma sun fi dawowa.

Asusun taimako da muke buɗewa don haihuwa da rasuwa da gobara, a yarda ya biya kuɗin mota da na ganin likita ga mai wannan lalura. Masu sana'a ɗaya kuma su riƙa raba aiki lokacin cunkoso, wadda ya yi wa yawa ta miƙa wa ƴar uwarta, a raba ladan.

Lokacin da tabarma ba ta isa ba

A tafi likita in fargabar ta ɗauki makonni tana hana barci, ko ci, ko aiki, ko kula da yara. A tafi in tana zuwa farat ɗaya da bugun zuciya da toshewar numfashi har mace ta ji kamar mutuwa za ta yi, ko in ta fara bayan haihuwa ta ƙi wucewa. A fara da CSI ta unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura babban asibiti. A nemi a auna jini da hawan jini, a duba wuya, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo na iya kawo faɗuwar gaba iri ɗaya, kuma maganinsu daban ne. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita kafin a rubuta mata komai.

Abu uku kuwa ba su jiran gobe: mace ta ce ta gaji da rayuwa ko tana tunanin cutar da kanta ko jaririnta, ko tana jin muryoyin da babu mai jin su, ko ta yi kwanaki ba barci ba gajiya tana ta surutu tana watsar da kuɗi. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga kusa da ita, a raka ta asibiti a ranar.

Ranar 10 ga Oktoba ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Muna roƙon kowace ƙungiya, kafin ranar ta zagayo, ta karanta wannan a taro da babbar murya saboda ƴan uwanmu da ba su karatu, ta zaɓi dattijanta biyu, ta aiko mana da abin da aka yanke ta hannun sakatariyarta. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a sana'o'inmu.